Daga Samri Zuwa Sauri: Ƙofar da ke Riƙe da Tsohuwar Hausa

Mai karatu, duk ranar da Allah Ya kai ka birnin Dikko, kada ka leƙa Hasumiyar Gobarau da ƙofar fada kaɗai ka juya ka ce ka ga Katsina. Tari Keke Napep ka ce a kai ka Ƙofar Sauri, can arewa maso gabashin tsohon birni, inda hanyar Kaita ta fita. Ba za ka tarar da abin ɗaukar hoto mai yawa ba. Ganuwar da ta taɓa kewaye garin ta zaizaye, gidaje sun hau kan mafi yawanta. Abin da za ka gani hada-hadar yau da kullum ce: masu shayi, 'yan acaɓa, motocin haya masu lodin ƙauye, da lambunan da ke bin rafin Ginzo, inda ake noman latas da kabeji da alayyafo da rani. To, ka samu benci wurin mai shayi ka zauna, ka maimaita sunan wurin a bakinka. Sunan nan shi ne abin da ka zo gani.

Kowace ƙofa ta Katsina tana da inda ta dosa. Ƙofar Ƙaura ta fuskanci Kano, Ƙofar Ƙwaya ta nufi Dutsin-ma, Ƙofar 'Yanɗaka ta nufi Batsari, Ƙofar Guga ta nufi Jibiya. Yawancinsu sunayen sarautu suke ɗauke da su, kamar Ƙaura da Durɓi da Marusa da 'Yanɗaka. Ita kuwa Ƙofar Sauri, baƙo yakan ɗauka mutanen wurin ne ba su tafiya a hankali, har 'yan gari su biye masa a yi dariya. Masu tarihi suna danganta sunan da Samri, wata tsohuwar sarauta ta ƙasar Katsina.

Akwai shaidar da ke mara musu baya. A watan Janairu na 1851, Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Katsina tare da ayarin gishiri na Abzinawa, ta Tasawa da Gazawa. Ya ƙiyasta kewayen ganuwar a kan mil 13 zuwa 14, ya kuma rubuta sunayen ƙofofi kamar yadda ya ji su a bakin mutane. Wannan ƙofa da kake zaune a gabanta, da harafin "m" ya rubuta ta: Samri. Shekara 170 da 'yan kai bayan haka, kowa Sauri yake cewa. Ina "m" ɗin ya tafi?

Harafin bai ɓace ba, ɓuya ya yi

Ba sai ka je jami'a ba, amsar tana cikin ɗakinka. Ɗauki kalmar "saurayi". Jam'inta fa? Samari. Ga "m" ya fito. Ana ɗaura aure, amma wadda aka kai ɗakinta amarya ce. Ka zauna, amma abin da ka yi zama ne. Ka ɗaure ƙugu, amma abin da ka ɗaure da shi ɗamara ce. Idan ka kasa kunne ga tsofaffin da ke saukowa daga motocin Kaita da Ɗankama, ko ka je Maraɗi da ƙasar Sakkwato, za ka ji ana cewa samrayi, amre, zamna, ɗamre. Gaggawar ma "samri" ake ce mata. Sauro kuwa "sabro", auduga "abduga". Shi kansa Audu ai Abdu ne.

Ka lura da ƙa'idar. Duk inda sautin leɓe, wato "m" ko "b" ko "f", ya tsaya a ƙarshen gaɓa ya ci karo da baƙi irin waɗannan, bakin Kano ya sassauta shi ya mai da shi "u". Inda kuwa wasali ya biyo bayansa, kamar a "samari" da "amarya", ya tsira har yau. Wani masanin harsuna Bajamushe, August Klingenheben, shi ya fara tsara wannan ƙa'ida a rubuce wajen 1928, shi ya sa ɗaliban Hausa suke kiran ta dokar Klingenheben.

Dokar ba ta tsaya kan leɓe ba. Talaka yana fama da talauci: "k" ya koma "u". Zuciya ɗaya, zukata da yawa. Ɓauna, jam'inta a tsohuwar Hausa ɓakane. Farke, jam'insa fatake: a nan "t" ne ya koma "r", kamar yadda Basakkwace yake cewa "biyat" inda Bakano ke cewa "biyar". Ga kuma wani abin lura: Bakatsine da Bakano duka "talauci" suke cewa, amma a "zamna" da "zauna" sun rabu. Wannan yana nuna maka cewa canjin "k" ya riga faruwa, tun Hausawa suna magana da baki ɗaya, canjin "m" kuwa daga baya ya zo, ya taso daga gabas bai gama cin yamma ba. Ka ga ke nan, ba tare da ka buɗe littafi ko ɗaya ba, ka gano abin da ya riga wani faruwa a ƙarnukan da ba wanda ya naɗi muryarsu.

Uwargida, wannan wasa ne mai daɗi bayan sallar isha. Ki ba yara kalma, su nemo 'yar'uwarta da ta ɓoye tsohon harafi. Ki tambaye su me ya sa ake cewa ɗa amma a ce 'ya. Duk wanda ya tuna cewa kaka "ɗiya" take faɗi ya ci: "ɗiya" ce ta tsuke ta koma "'ya".

Masu irin wannan aiki a wata uwa duniya

Daga wannan benci, bari mu leƙa wasu mutane da suka shafe fiye da shekara ɗari suna irin wannan tono, don hanyarsu za ta haska mana tamu. A kudancin Japan akwai jerin tsibirai da ake kira Riyukiyu, sun miƙe daga gindin babbar ƙasar har kusa da Taiwan. Mafi shahara a cikinsu shi ne Okinawa. Masarauta ce mai cin gashin kanta kafin Japan ta haɗiye ta a 1879. Harsunan tsibiran 'yan uwan Japananci ne, amma mutumin Tokiyo ba ya jin su sai da tafinta.

Japanawa suna da tsofaffin littattafai, irin su Kojiki na shekarar 712 da Nihon Shoki na 720. Duk da haka, da masanansu suka so sanin yadda kakan harshen yake tun kafin rubutu, sai da suka shiga jirgin ruwa suka je wurin masunta da manoman tsibirai. Ga dalili. A Tokiyo ana kiran fure "hana". A tsibirin Miyako "pana" ake cewa. A wani ƙamus da Turawan Fotugal suka buga a Nagasaki a 1603, da "f" aka rubuta kalmar: "fana". Jera su ka ga hanya: "p" ya koma "f", "f" ya koma "h". Babban birni ya yi nisa da asali, tsibirin da ake yi wa kallon ƙauye shi ya riƙe. Wani masani, Ueda Kazutoshi, ya kawo wannan hujja tun 1898, kafin shi kuma Basil Hall Chamberlain, mutumin Ingila, ya buga nazarin harshen Okinawa a 1895 yana kwatanta shi da Japananci. Sunan ƙasar ma yana ɗauke da tabon: wasu su ce Nihon, wasu su ce Nippon. Akwai kuma bambance-bambancen wasula da tsibiran suka adana, waɗanda tuni suka ɓace a rubutun ƙarni na 8, abin da ya sa masana da yawa suke ganin rassan biyu sun rabu tun kafin a rubuta waɗancan littattafai.

Idan masani ya jera kalmomin 'yan uwa ya gano siffar da duka suka fito daga gare ta, sai ya rubuta ta da alamar tauraro a gaba, kamar *pana. Tauraron yana cewa: ba a ga wannan kalma a rubuce ba, amma hujja ta nuna haka take. Kamar mai bin sawu ne, bai ga raƙumin ba, amma ya san ta nan ya bi, kuma yana ɗauke da kaya.

Wannan tafiya ta "p" da "f" da "h" ba baƙuwa ba ce a kunnenka. Wani ya ce "fuɗu", wani ya ce "huɗu". Bakano ya ce "tafi", Bakatsine ya ce "tahi". Wancan ya ce "fara", wannan ya ce "hwara". Leɓen ɗan Adam iri ɗaya ne, ko a Miyako ko a Kaita.

Dangin Hausa

Su Japanawa danginsu kaɗan ne. Mu kuwa Allah Ya ba mu dangi masu yawa. Hausa tana cikin iyalin da masana ke kira harsunan Cadi, sun fi 150, sun bazu a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi. Wanda ya fi kusa da ita shi ne Gwandara na Nasarawa da kewayen Abuja. Sai irin su Bolanci na Fika, Ngizim na Potiskum, Bade na Gashuwa, Ngas na Pankshin, Tangale, can gaba kuma Bura da Margi da Tera.

A 1966 Paul Newman da Roxana Ma suka buga nazarin da ya jera kalmomin waɗannan harsuna ya fitar da ƙa'idojin sautinsu. A 1977 Newman ya sake fitar da jerin saiwoyi 150 na uwar harsunan Cadi. A 1994 Herrmann Jungraithmayr da Dymitr Ibriszimow suka buga nasu aikin mai juzu'i biyu. Shi Newman ya taɓa shugabantar Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da ke Kano, kuma a 2022 ya fitar da littafi sukutum kan tarihin harshen Hausa. Russell Schuh kuwa ya yi shekaru yana aiki da mutanen Yobe, ƙamusunsa na Ngizim ya fito a 1981.

Ga ɗanɗano daga abin da suka tono. Lambar da muke kira huɗu, Bolawa "poɗɗo" suke cewa, Ngizimawa kuma wani abu kusa da "fuɗu". Man da uwargida ke zubawa a tukunya, Bolawa "mor" suke ce masa: tsohon "r" ne ya narke a bakinmu ya bar "mai". Kifi a Bolanci "kerwo" ne, wato akwai "r" da ya taɓa zama a tsakiyar kalmar tamu. Wani lokaci kuma mu ne muka yar da gado: ruwa a Bolanci "amma", a Ngizim "am", haka ma a harsunan Cadi da dama, Hausa ce ta sake wa abin suna.

Iyalin Cadi ma reshe ne na wata babbar bishiya. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano tun yana matashi, ya tabbatar a littafinsa na 1963 cewa harsunan Cadi dangi ɗaya suke da Larabci da Ibraniyanci da harsunan Buzaye da na Habasha da harshen Misira ta zamanin Fir'auna. Muna cewa "mutu", Balarabe ya ce "mata" da "maut". Muna cewa "suna", ya ce "ism". Harshen nan da ke bakinka, tsoffin Katsina "halshe" suke cewa, ka cire "ha" ka ji yadda ya matso kusa da "lisan". Gidanka da gidanki, "baituka" da "baituki". Ya rubuta, ta rubuta: "yaktubu", "taktubu". Huɗu ɗin nan ma, mutanen Misira ta dā da baƙaƙen f-d-w suke rubuta shi.

Kama da wane ba ta wane

A nan sai an yi taka-tsantsan, don mutane da yawa sun zame. Ba kowace kamanni ce gado ba. Littafi, alƙali, lahira, sabulu, duka aro ne daga Larabci, sun shigo da addini da fatauci. Wasu ma ta hannun maƙwabta suka biyo: a 1960 Greenberg ya kawo hujjar cewa "karatu" da "rubutu" da "kasuwa" ta bakin Barebari suka iso mana. Kalmar aro takan zo da kayan da aka aro. Ta gado kuwa tana zaune a abubuwan da ba a aro, kamar gaɓoɓin jiki, ƙidayar farko, ci da sha da mutuwa, kuma ana samun ta a ƙauyukan Filato da duwatsun Mandara inda Larabci bai taɓa zama ba. Saboda haka Hausa ba ta fito daga Larabci ba, kakansu ne ɗaya, sun rabu tun dubban shekaru.

Haka kuma kada Bakatsine ya buga ƙirji ya ce duk abin da ya faɗa shi ne na asali. Kowane karin harshe ya riƙe wani abu ya saki wani. Aikin yana yiwuwa ne kawai idan duka suna nan da rai, a jera su a gani. Ranar da kowa ya koma magana iri ɗaya, ranar aka rufe littafin.

Abin da ake asara

Idan ka tashi daga benci ka shiga cikin gari, nemi tsohon ginin ƙasa na Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922. Nan Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam suka yi karatu. Zamaninsu ne Hausar boko ta kafu, aka gina ta kan karin Kano, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya a 1939, rediyo ya biyo baya, yau kuma ga finafinai da waya. Daidaitacciyar Hausa alheri ce, da ita kake karanta wannan shafi. Amma kowane alheri da kuɗinsa. Yaro ya je hutu ƙauye ya dawo yana cewa "zamna", sai a yi masa dariya a aji, wani lokaci ma a gida. Ba zai sake faɗa ba. Kaka ta zo birni jinya, jikoki suna kwaikwayon maganarta, sai ta rage hira. Samri ya koma Sauri a kan allon unguwa, kuma ba a daɗe ba za a rasa mai tuna dalili.

A Okinawa an yi abin da ya fi haka zafi. Yaron da aka kama yana magana da harshen gida a makaranta, sai a rataya masa ɗan allon katako a wuya, ba zai cire ba sai ya kama wani. Duk wanda aka taɓa ci tara a firamare don ya yi "banakula" ya san wannan kunya. A 2009 hukumar UNESCO ta sa harsunan Riyukiyu guda 6 cikin masu fuskantar barazanar ɓacewa: Amami, Kunigami, Okinawa, Miyako, Yaeyama da Yonaguni. Yau masana suna rige-rige da ajali, suna bin tsofaffi da na'urar naɗar murya.

Mu ma sai mu faɗa wa kanmu gaskiya: a wannan yanki, Hausa ce babban kifi mai haɗiye ƙanana. Harsunan Auyo da Teshena da Shira, dangin Bade da Ngizim, sun mutu, jikokin masu su Hausa kaɗai suke ji. Ajawa na ƙasar Bauchi ma haka. Wasu da dama a Bauchi da Filato suna kan wannan hanya. Duk wanda ya mutu a cikinsu ya tafi da shaida kan asalin Hausa ita kanta. Ba domin Babole ya riƙe "mor" ba, wa zai gaya mana inda "mai" ya fito?

Kafin ka bar ƙofar

Tsaya ka dubi hanyar da ta miƙe arewa. Ta nan ake zuwa Kaita da Ɗankama, a tsallaka zuwa Nijar. Bayan jihadi, zuriyar tsofaffin sarakunan Katsina arewa suka yi, suka kafa Maraɗi, har yau ana kiran mai sarautar can Sarkin Katsina. Sun tafi da takubbansu, sun kuma tafi da bakinsu. Iyakar da Turawan Ingila da Faransa suka ja ta raba makaranta da kuɗi da tuta, amma "zamna" da "amre" suna nan a ɓangarorin biyu. Idan kana da niyyar bin hanyar, ka fara tambayar 'yan tasha halin da take ciki, ka kuma yi tafiyarka da rana.

Ba lallai sai ka yi tafiyar ba ma. Tsibirin Miyako naka yana ƙuryar ɗaki, kan tabarma, da carbi a hannu. Ɗauki wayarka ka danna naɗar murya, ka durƙusa ka ce, "Hajiya Kaka, yaya kuke kiran wannan a zamaninku?" Fara da madafa: tukwane, maburgi, sunayen ganyen miya, matakan surfe da daka. Wuce zuwa kayan ɗaki, kayan gona, sunayen cututtuka, kalmomin biki da na jego. Kada ka gyara mata furuci. Rubuta kalmar yadda ta faɗe ta, ka sa sunan garin da aka haife ta da shekarar da kuka yi hirar. Idan mahaifiyarka ko kakarka Babola ce ko Bangizima ko Bagwandara, ka roƙe ta ta ƙirga maka daga ɗaya zuwa goma, ta faɗi gaɓoɓin jiki, a gaban yara. Malaman sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina da na Jami'ar Bayero a Kano, irin wannan kaya suke nema.

Ƙamusun Bargery na 1934, wanda ɗalibai ke rantsuwa da shi har gobe, da haka aka haɗa shi: zama da mutane gari-gari, ana tambaya ana rubutawa, ana sa alama cewa wannan ta Katsina ce, waccan ta Sakkwato. Waɗanda suka ba da kalmomin sun daɗe da kwanta dama, kalmomin suna nan.

Sai kuma abu mafi sauƙi duka: gobe idan yaro ya ce "zamna" ko "ɗiya" a gabanka, kada ka yi dariya. Ka ce masa wannan ta girmi ta littafinsa, ka nuna masa dalili. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wace kalma ce kakarku take faɗi wadda ba ku ƙara jin ta a bakin kowa ba? Ku rubuto mana ita, da ma'anarta, da sunan garin.